Shekarar da Na Jiƙa Rigar Babanku

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku labarin gidan kakanku, na rubuta na shekarun da na yi ina koyar da 'yan aji biyu, har labarin akuyar da ta cinye mini takardun jarrabawa na rubuta, duk don kada in iso nan. To, yau na iso. Abin da ya turo ni shi ne maganar da na ji kuna yi a tsakar gida ranar Juma'ar da ta wuce. Kai Babangida kana yi wa Auta faɗa a kan gudun da ya fara fita da asuba, kana cewa gudu ne ya nakasa Babanku, kuma taurin kansa ne ya kai shi inda aka doke shi. Ke kuma Ummi kika sunkuyar da kai, don na san har gobe kina ganin aurenki ne sila. Ina ɗaki ina jin ku, carbi a hannuna, na kasa jan ko ƙwaya ɗaya. Babanku ba shi da taurin kai, gidan mijinki kuma, Ummi, ba su da laifin komai. Ku karanta a tsanake, kada wanda ya zo mini da tambaya sai ya kai ƙarshe.

Da gudunsa na same shi. Washegarin ranar da aka kawo ni gidan nan na farka ban ga ango ba, na ɗauka ya tsaya lazimi a masallaci. Can sai ga shi ya faɗo gida sharkaf da gumi yana haki, har na miƙe ina neman mayafina don na zaci wani abu ne ya koro shi. Ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Kun san malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, amma nasa ya wuce na aiki. Mutumin nan in bai yi gudu ba, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi. Da farko ina jin kunyar abin, daga baya na saba, har ya zama da shi nake auna aikina. In ya fita in hura wuta, in ya dawo kunu ya huce daidai sha.

Abin da ba ku sani ba, ko kuka manta, shi ne Babanku ba ya gudu kara zube. Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya wasa da su. Ba ya fita sai gari ya yi hasken da za a gane fuskar mutum. Riga ɗaya yake sawa, ruwan ɗorawa ce shar, in ta tsufa ya sayi wata irinta, ana hango ta tun daga nesa. Akwai usur da yake ratayawa a wuya, wanda in ya dawo yake sagalewa tare da rigar a ƙusa ɗaya bayan ƙofa. Hanyarsa ɗaya ce shekara da shekaru: ya bi ta bakin tasha, ya wuce masu shayi da mahauta, ya hau titin Kwangwalam yana fuskantar motoci masu tahowa, ya juyo ta cikin unguwa ya dawo gida. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu ya gaishe shi, tun daga limami har mai sharar tasha. Ba ya riƙe sanda, balle wuƙa. Na taɓa tambayarsa me ya sa, ga karnuka ga mutanen banza. Ya ce:

"Kulu, ko da nake saurayi ban iya faɗa da mutum biyar ba. Abin da yake tsare ni a hanya, bayan Allah, shi ne kowa ya san ni. In na yanke jiki a bakin tasha, kafin in kai ƙasa wani ya ce, ai Malam ne."

Haka yake koya wa ɗalibansa. In aka tare ka, ka tsaya cak, ka nuna hannuwanka, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da na gidanku. In duka ya zo, ka durƙusa ka kare kanka da hannu, ka busa usur. Yakan ce musu a ƙasar nan babba ba ya gudu haka kawai, duk wanda ya gan ka a guje sai ya tambayi kansa me ka ɗauko, saboda haka wajibinka ne ka ba shi amsa tun kafin ya tambaya. Na sha jin wannan karatun a zaure har na haddace shi. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Shekarar da aka sa ranar Ummi, muna da shekara ashirin da wani abu da aure. Murna a wurina ba a magana, don yaron kirki ne, kuma ɗan Alaramma ne, malamin da duk unguwar nan take ganin girmansa. Sai dai zauren Alaramma yana kan hanyar Babanku. Kowace safiya yana zaune a kan buzu yana ba manyan ɗalibai karatu, Babanku zai zo ya wuce a guje, wando iya ƙwauri, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam," ya yi gaba. Shekaru ana haka ban taɓa ganin aibin abin ba, sai ranar da aka kawo kayan sa rana. Mata sun cika gida ana rabon alewa da goro, sai Yaya Mairo, yayar Babanku, Allah ya jiƙanta, ta dube ni ta ce:

"To Kulu, yanzu dai sai ki ɗaure ɗan barewar naki. An zama surukai. Ko so kike gobe Alaramma ya ɗago kai daga littafi ya ga surukinsa yana tsalle a titi da riga kamar ta 'yan ƙwallo?"

Mata suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Wata ta ce ai ranar ɗaurin aure ma a guje zai zo masallaci. Ni ma na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Yaya Mairo ba da mugunta ta faɗa ba, bakinta ne haka, kafin la'asar ta manta. Ni ce ban manta ba. Kun san yadda surukuta take a wurinmu. Mutum yakan canza hanya don kada ya yi kiciɓis da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga murya. Ga nawa mijin kullum zai wuce ta ƙofar surukinsa yana zufa yana haki. Na riƙa ganin kamar duk garin Daura mu ake kallo, kamar za a kai Ummi gidan da za a riƙa yi mata gori da ubanta. Babu wanda ya ce mini haka daga gidansu. Ni na zauna na ƙulla abina ni kaɗai.

Na same shi da maganar bayan ya ci abinci. Na ce Malam, girma ya zo, ya kamata a rage wasu abubuwa. Ya gane inda na dosa tun kafin in ƙarasa.

"Alaramma ne ya aiko?"

"Sai ya aiko? Irinsu ai ba sa magana. Mu ya kamata mu gane."

"To bari in je in tambaye shi. In abin yana damunsa, sai in sake hanya."

Na dafe ƙirji na ce, "Ka tambaye shi? Surukin naka? Malam, so kake in kasa fita unguwa?"

Da ya je, da magana ta ƙare a ranar. Amma kunyar da ta sa nake so ya ɓuya ita ce ta hana ni barinsa ya tambaya. Ya ce zai duba. Ni kuwa ban bar shi ya duba ba. Kun san halina, in na sa abu a gaba. Ban yi masa rashin kunya ba, ban taɓa ba, amma na ɗaure fuska, na rage hira, in ya dawo daga gudu in ajiye masa kunu in koma ɗaki ba ko sannu. Mutum ne da ba ya iya zama da fushin wani a gida ɗaya. Mako biyu ya jure, a na uku ya ce ya ji, zai bar hanyar cikin gari, zai koma hanyar gonaki ta gabas, wadda take ratsa wasu ƙauyuka biyu. Amma ya ce sai ya fara zuwa a kan keke ranar Asabar, ya gaida masu unguwannin, ya zauna da mutane su san fuskarsa, su san cewa za su riƙa ganin wani yana wucewa a guje. Haka yake yi ko ɗalibai zai kai sabon wuri. Ranar Asabar ɗin na tashe shi da maganar kafinta, na ce gadon Ummi da kujeru ba a gama ba, biki saura wata guda, in bai je ya tsaya a kansu ba za a kunyata mu. Ya yini a wurin kafinta. Gaisuwar ba a yi ta ba ke nan.

Duk da haka ban gamsu ba, don kafin ya kai gonaki sai ya ratsa unguwa, kuma mutane sun fito. Na ce ya riƙa fita da an sallame salla, kafin gari ya waye. Ya dube ni, ya ce to. Da na zo kan riga kuwa, nan ya tsaya.

"Kin karɓi hanya, kin karɓi lokaci. Rigar kam ki bar mini, Kulu. Ita kaɗai ta rage da za ta faɗi ko ni wane ne."

Kwana uku yana fita da ita. A rana ta uku wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ce ai ta hangi Malam da duku-duku ta bayan gidan Alaramma, rigar nan tana ta walƙiya, ko makaho ya gan ta. Hira kawai take yi. Ni kuwa na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi, na ga duk wahalar da na yi ta tashi a banza.

Washegari Alhamis ce, saura kwana shida Babbar Salla. Da ya tafi masallaci na tashi na zare rigar daga ƙusa, na ajiye usur ɗin a kan taga, na tsoma rigar a bokiti, na matse ta sama-sama na shanya a igiya. Ba ta yi datti ba. Da hannuna na jiƙa ta, da gangan, ina sane. Ya dawo ya kai hannu bayan ƙofa ya ji wayam. Na ce na ga ta yi datti ne na ɗauraye, ga wata. Na miƙa masa wata tsohuwar riga shuɗiya mai duhu. Na kuma ɗauko gorar da ke jingine a zaure na ce ya riƙe saboda karnukan ƙauye, don a raina ina ganin kula da shi nake yi. Ya tsaya yana kallon rigarsa tana ɗiga a igiya. Ya sa shuɗiyar, ya karɓi gorar. Usur kuwa da yake ba ya kan ƙusa, bai tuna da shi ba, ni ma ban tuna masa ba. A bakin ƙofa ya faɗa mini hanyar da zai bi, kamar yadda ya saba, ni kuwa hankalina yana kan leƙen ko akwai mai ganinsa, ban riƙe ko kalma ɗaya ba.

Na hura wuta, na dama kunu. Kunu ya huce, ya yi sanyi, ya kama. Auta ya tafi makaranta. Rana ta fito sosai har ta kai kan igiya. Kai Babangida ka tuna ka fito kana tambaya ina Baba, ka ce bari ka ɗauki babur ka bi sawunsa, ta ina ya bi? Shekara ashirin da wani abu ina iya gaya wa kowa inda mijina yake a kowane lokaci na safiya, ranar nan ban sani ba. Na ce maka gabas, gabas kawai. Kana cikin tayar da babur ɗin ne wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida yana tambayar ko nan ne gidan Malam mai gudu.

Abin da ya faru daga baya na ji shi, rabi daga bakin mutanen ƙauyen, rabi daga bakin matar da ta cece shi. A ƙauye na biyu an wayi gari an kwance wa wani bawan Allah raguna huɗu da ya shekara yana turkarsu, yana shirin kai su kasuwar Mai'aduwa. Samari suka bazu cikin gonaki da sanduna suna bin sawu. Dawa ta yi tsayi a lokacin, ba ka ganin mutum sai ya zo dab da kai. Sai ga wani ya ɓullo a guje, cikin kaya masu duhu, da gora a hannu, fuskar da ba su taɓa gani ba, a lokacin da ba kowa a hanya sai mai dalili. Ku gaya mini, in ku ne me za ku ce? Ɗaya ya kwarma ihu, saura suka amsa. Babanku ya yi duk abin da yake koyarwa. Ya tsaya cak, ya yar da gorar, ya ɗaga hannu, ya yi sallama, ya faɗi sunansa. Ihu ya danne muryarsa. Sandar farko a gwiwa ta same shi. Ya durƙusa ya rufe kansa da hannuwa, ya kai hannu wuya neman usur, babu. Likita ya ce rufe kan da ya yi shi ya sa muka same shi da rai.

Dije mai nono ce Allah ya kawo, Bafulatanar da take shigowa gari kowace safiya da ƙwaryarta. Shekaru suna haɗuwa da Babanku a titin Kwangwalam, kullum sai ya ce mata, "Sannu da hanya, a sayar lafiya." Ta zo wucewa ta ga an yi dandazo ana dukan ɓarawo, ta ce har ta kauce za ta yi gaba, sai ta ji muryar da ta sani tana salati. Ta leƙa, ta saki ƙwaryar, nono ya malale a ƙasa. Ta kutsa cikin maza, ta yaye mayafinta ta rufa masa, ta tsaya a kansa tana ihu cewa Malam ne, Malam na makaranta, duk mai son ya sake dukansa sai dai ya fara da ita. Sannan hannuwa suka yi sanyi. A amalanken shanu suka ɗauko shi zuwa bakin titi, waɗanda suka doke shi su ne suke tura amalanken suna kuka.

Daga asibitin nan aka wuce da mu Katsina. Gwiwar ta farfashe, ƙugu ya goce, yatsu uku sun karye. A can muka yi Salla. Dije ta biyo mu har can da 'yar furarta a ƙulle, ta zauna kusa da ni a baranda. Ba ta san komai ba, baiwar Allah, magana kawai take yi don ta sanyaya mini rai. Ta ce:

"Wallahi, Hajiya, ni kaina ban gane shi ba. Ina rigar tasa? Da da rigar nan ce, ai ko yaran ƙauyen sun san shi, suna ganinsa in sun shigo gari ranar kasuwa. Ba mai ɗaga masa sanda."

Na ce mata wanki aka yi. Ta ce Allah sarki, ƙaddara. Na amsa da ƙaddara, amma ban iya haɗa ido da ita ba.

Da aka sallamo mu, mai garin ƙauyen ya zo da dattawa da samarin, suka zube a zaure. Kai Babangida kana huci kana cewa sai an kai su kotu. Babanku daga kwance ya ce a bar maganar, ya yafe. Ya ce laifinsa ne, shi ya shiga ƙasar mutane bai yi sallama ba. Duk wanda ya tambaye shi me ya kai shi can, amsa ɗaya yake bayarwa, wai ya gaji da tsohuwar hanya ne yana son ya ga gonaki. Nan kuka samo labarin taurin kai. Ina tsaye ina ji yana faɗa, ban taɓa buɗe baki na gyara ba.

Alaramma ya zo dubiya kwana biyu da dawowarmu. Na shimfiɗa masa darduma na gudu bayan ƙofa, kamar yadda ya kamata, amma ina jin komai. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce:

"Malam, kafin abin nan ya faru, kwana uku ban ga wucewarka ba, har na tambayi ɗalibai ko lafiya. Ka san da kai nake rufe karatu? In na hango rigar nan ta karyo kwana, na san lokaci ya yi da zan sallami masu zuwa kasuwa. Da yaron nan ya zo mini da maganar 'yarka, ban yi dogon bincike ba. Na ce mutumin da ya riƙe abu ɗaya shekara ashirin, ba fashi, kuma bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba, gidansa gidan tarbiyya ne. Me ya sa ka sake hanya?"

Babanku ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙaddara ce."

Ni kuwa a bayan ƙofa na sulale na zauna a ƙasa, na cusa bakin zane a baki don kada a ji kukana. Mutumin da na lalata ƙafar mijina don kada ya gan shi, ashe jiran wucewarsa yake yi kowace safiya. Ummi, kin ji. Gudun Babanki yana cikin abin da ya sa suka so ki. Ki sauke wannan kayan daga kanki, ba naki ba ne.

An yi biki bayan wata uku, aka kai shi wurin ɗaurin aure a mota, aka zaunar da shi a kujera. Ya koma tafiya da sanda, yana jan ƙafa, amma gudu ya ƙare. Makaranta suka mayar da shi ofis yana rubuce-rubuce har ya yi ritaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiya. Jikinsa bai san an daina ba. Da gari ya yi haske sai ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya miƙe ƙafar, yana ɗaga wa masu wucewa hannu, har lokacin da ya saba dawowa ya yi, sannan ya shigo ya sha kunu. Jiki ya yi nauyi, hawan jini ya shigo, mutumin da ban taɓa ganin ya sha ko maganin ciwon kai ba ya koma da leda cike da ƙwayoyi. Shekara takwas ya yi a haka.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin faɗa masa. Wata safiya ce da damina, ruwa ya hana shi zaman dakali, ina shafa masa man zafi a gwiwa. Na ce Malam, akwai abin da na daɗe ina so in gaya maka game da rigar nan. Bai bari na ƙarasa ba.

"Na sani, Kulu. Ni na wanke ta da kaina ranar Laraba da yamma, kin manta? Na san ba ta yi datti ba."

Na ce, "To me ya sa ka fita? Me ya sa ba ka sa ta a jiƙe ba, ko ka fasa?"

"Na ga kin matsu ne. Na ce bari in yi miki wannan ɗin ma, bayan biki ma gyara. Ni na san ƙa'idar, ni na karya ta. Ke tsoron bakin mutane ya kama ki, ni kuma tsoron fushinki." Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Kada ki gaya wa yaran nan. Uwa ɗaya gare su."

Na yi kuka a ranar har ya gaji da lallashi. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe tun a amalanke. Na riƙe masa alkawarin har ya koma ga Mahaliccinsa, na ci gaba da riƙewa shekara huɗu bayansa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yau na karya alkawarin, kuma ina fatan zai yafe mini wannan ma, don na ga shirun nawa ya fara yin ɓarna. Kuna zagin gudu, kuna ɗora wa mamaci taurin kan da ba shi da shi, ni kuma kuna kallona a matsayin matar da ta yi haƙurin jinya. Jinyar da na yi, abin da na ɓata nake lallaɓawa.

Auta, yanzu da kai nake. Tun da yayanka ya fara yi maka faɗa na lura ka koma fita a ɓoye. Ina jin ƙarar sakata tun kafin a gane fuska. Na leƙa ta taga na gan ka cikin baƙar riga, ka toshe kunnuwanka da abin jin waƙa, ka bi ta lungun baya don kada a gan ka. Gabana ya faɗi, don na taɓa ganin wani ya fita haka daga gidan nan. Ban hana ka gudu ba, jinin ubanka ne, kuma da ya ga tsawon ƙafafunka da ya yi murna. Amma ka jira gari ya waye. Ka cire abin nan daga kunne, ka ji abin da yake bayanka. Ka bi ta bakin tasha, ka gaida masu shayi da mahauta, ka gaya musu kai ɗan wane ne, akwai tsofaffin da za su tuna. Kafin ka fita ka faɗa mini hanyarka, wannan karon zan saurara. Kai kuma Babangida, in kana da sauran faɗa, ga ni, ni ce mai shi.

Gobe in Allah ya kai mu zan fito in tsaya a ƙofar gida da mayafina, duk unguwa su ga ni na sallame ka. Mai dariya ya yi, na riga na san abin da dariyar mutane take ci in aka biye mata. Na buɗe akwatina jiya na ciro rigar. Launinta ya ɗan koɗe, wataƙila ta yi maka yawa a kafaɗa, amma ko zare bai fita ba, don ba ta je wurin ba ranar. Na sagale ta tare da usur ɗin a ƙusar da ke bayan ƙofa. A bushe take.